Na'urar riƙe gudu a Camry: yaya ake kashe ta?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum jama'a. Na sayi Camry 2008, akwai wani ɗan sanda a dama da sitiyari mai rubutun ON-OFF. Jiya a hanyar Zariya na taɓa shi, na ɗauke ƙafa daga totur amma motar ta ci gaba da gudu 100. Wallahi gabana ya faɗi! Lafiyarta ƙalau kuwa?

Baban Khadija: Wa alaikumus salam. Ƙalau take, kurus kwanturol ne, wato na'urar da ke riƙe gudun mota ba sai ka taka totur ba. Ka danna maɓallin ON-OFF da ke jikin sandan, ka kai gudun da kake so, sannan ka tura sandan ƙasa, sai ta riƙe. Ba ta kamawa ƙasa da kilomita 40 a awa. Taka birki kaɗan ya isa ta saki, ko ka jawo sandan wajenka. In ka tura shi sama, za ta koma gudun da ka saita.

Direban Funtuwa: Ni dai ban cika son ta ba. Ramuka, shanu, masu babur... Kuma kada ka kunna ta cikin ruwan sama, taya na iya santsi.

Ɗan Fagge: Na gode, Baba. Ashe birki kawai! Ni har na kira bakanike.