Ina ake samun sitek mai laushi ba tsada a Kano?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah ina ake samun sitek mai laushi a cikin gari wanda kuɗinsa ba zai yi yawa ba? Maigidan ne ya ci a wajen wani taro a Abuja, tun daga nan kullum maganarsa ke nan.

Abban Sadiq: Wa alaikumus salam. Ki aika wajen mai balangu, magana ta ƙare.

Maman Hanifa: Ba balangu yake so ba Abban Sadiq. Yanka guda mai kauri yake nufi, wanda ake ci da wuƙa da cokali mai yatsu.

Injiniya Bala: Hajiya, ni dai shawarata kada ki kai kuɗinki gidan abinci. Kwanakin baya na ɗauki baƙi na kai su wani waje a unguwar Nasarawa, wajen ga fitilu ga sanyin AC, ga ma'aikata da farar riga. Muka jira har yunwa ta fara wucewa. Da aka kawo, naman bai kai tafin hannuna ba, an lulluɓe shi da miyar masoro da madara don kada ka ga abin da ke ƙasa. Na sa wuƙa ta ƙi shiga. Baƙona dattijo ne, ya yi ta tauna har ya haƙura ya koma kan dankali. Wallahi kunyar da na ji ta fi ɓacin ran kuɗin. Sai ga takardar biya: bayan farashin da na gani a rubuce, an ɗora harajin VAT na kashi 7.5, an kuma ɗora wani wai ladan hidima. Abin da na biya na faranti ɗaya zai sayo naman da gidana za su ci su ƙoshi har a miƙa wa maƙwabta. Da na yi magana, sai yaron ya ce wai naman daga waje ake kawo shi. Wane waje? Naman sa yana cikin jerin kayan da kwastan ta hana shigowa da su ƙasar nan. Shanun Wudil ne da na Maigatari muke ci gaba ɗaya, a daina raina mana hankali.

Anti Zee: Injiniya faɗi sunan wajen mana, mu kiyaye.

Injiniya Bala: A'a, ba zan ɓata wa kowa sana'a ba. Na gaya wa manajan a gabansa, ya wadatar.

Baffa Fagge: Ranki ya daɗe, ni a gidan fawa na tashi, bari in sa baki. Yawancin laifin ba na mai gashi ba ne, tun daga zaɓen nama ake faɗuwa. Idan kika aiki yaro ya ce a ba shi tsoka, cinya za a yanko masa, ita kuwa cinya ta miya ce da kilishi. Ki ce tantaƙwashi kike so, naman nan da ke kwance a cikin gadon baya, wanda ba ya aiki idan sa yana tafiya. Guda biyu ne kacal a jikin kowace dabba, shi ya sa masu otal suke kama shi tun da asuba a abbatuwa. Ki yi magana da mahaucinki tun daren jiya ya ajiye miki. Kuma ki tambaya naman san turke ne ko na tsohuwar saniya. Wanda aka ɗaure aka ba shi dusa da harawa kitsensa fari ne, namansa da taushi. Saniyar da ta shekara da shekaru tana bin makiyaya kitsenta ya fi yin rawaya, naman sai tukunya.

Maman Hanifa: Allah ya saka da alheri Baffa. To in na kawo shi gida fa?

Baffa Fagge: Kada ki gasa shi ranar da aka yanka. Naman yanka sabo yana sandarewa bayan 'yan awoyi, sai ya kwana ya saki. Ki sa shi a firij, ba wajen ƙanƙara ba, kwana biyu ko uku. A Turai har mako uku zuwa huɗu suke ajiye shi a ɗakin sanyi, sirrin laushin nasu ke nan.

Abban Sadiq: Kwana uku a firij da wace wutar? Unguwarmu tun shekaranjiya taransifoma ta buga.

Ummu Khalil: Taku ma ke nan. Mu an kai mu Band A, rukunin masu biyan kuɗin wuta mafi tsada, kuɗin ya ninka, wutar kuma tana nan yadda take.

Hajiya Ladi: In ba wuta, ki naɗe shi a ganyen gwanda da kika ɗan murza, awa ɗaya zuwa biyu. Haka iyayenmu suke yi. Kada ya wuce haka, zai dagargaje. Sannan ki tsane shi sosai, gishiri da masoro kawai, kaskon ƙarfe mai kauri ya yi zafi har ya fara hayaƙi, minti uku zuwa huɗu kowane gefe in kaurinsa ya kai yatsa biyu. Ki sauke ki bar shi ya huta minti biyar kafin wuƙa ta taɓa shi. Kurfoti da gawayi ya fi risho ba da zafin da ake so.

Malam Nura: Minti huɗu? Ai cikinsa ja zai fito. Ni ban yarda da cin nama da jini ba, a duba wannan.

Dakta Aisha: Malam, ba jini ba ne. Jini ya fita tun wajen yanka. Ruwan tsoka ne da wani sinadari mai launin ja da ke cikinta.

Malam Nura: Abin da aya ta 145 a Suratul An'am ta ambata jinin da ya kwarara ne, wannan na sani. Amma raina ba ya karɓa.

Dakta Aisha: Wannan kuma daban. Ni abin da nake tsoro tsutsar ciki ce, wadda ake ɗauka daga naman sa da bai gasu ba, kuma ba kowace dabba ce likita ke dubawa kafin a fitar da namanta ba. Zafin tsakiyar naman ya kai digiri 63 na ma'aunin Celsius aƙalla. Mai ciki da ƙananan yara kuwa a gasa musu ya gasu sarai.

Ɗan Zazzau: Kanawa da son banza. Kuna son naman Turawa a kuɗin tsire.

Abban Sadiq: Zagezagi ku fara koyon yaji tukuna, sannan ku shigo zancen manya.

Anti Zee: Ni fa ban yarda gida ya fi ba. Ka sayi nama, ka sayi gawayi, ka tsaya cikin hayaƙi, in ya ƙone asararka ce. Wani lokacin mutum so yake ya zauna a kawo masa. Akwai gidajen abincin Labanawa wajen Bompai da suka iya gashi, sai dai ka shirya aljihunka.

Injiniya Bala: To ai tambayar ke nan, ba tsada aka ce.

Baffa Fagge: Akwai hanya ta uku. Ki sayi tantaƙwashinki ki kai wa mai tsiren unguwa da yamma kafin jama'a su taru, ki ce kada ya fere shi, kada ya sa ƙuli, ki ba shi ladan wuta. Ki haɗa da ɗan tozo a gefe saboda maiƙo, don tantaƙwashi ba shi da kitse.

Maman Hanifa: Wannan ta yi min. Baffa zan yi maka magana ta gefe.

Ummu Khalil: Tun da ana maganar nama, waye zai shiga watandar sa ta ƙarshen wata? Saura kaso biyu, kuma Juma'a za a je Wudil.

Abban Sadiq: A sa ni kaso ɗaya. Amma tantaƙwashin wa zai ɗauka?