Fitilar iskar taya ta ƙi mutuwa bayan na sauya rim da tayoyi

Mai tambaya, daga Katsina:

Assalamu alaikum. Ina da Toyota Camry ƙirar 2015, wadda aka shigo da ita daga Amurka. Makon jiya na sayi sababbin rim guda huɗu tare da tayoyinsu, aka ɗaura mini a wajen wani mai faci. Washegari na kama hanyar Daura, ban kai Mashi ba sai wata fitila mai ruwan ɗorawa, mai kama da taya da aka yanka da alamar motsin rai a tsakiya, ta fara ƙyaftawa a gaban sitiyari, ta yi kamar minti ɗaya, sannan ta tsaya a kunne. Na koma wajen mai facin ya ƙara iska har 45, amma ba ta mutu ba, kuma duk lokacin da na tayar da mota haka take yi. Wani ya ba ni shawarar in sa a cire ƙwan kowa ya huta, amma zuciyata ba ta kwanta ba, domin da iyali nake hawa hanyar nan duk mako. Mene ne abin yi?

Mai gyaran wutar mota, Ƙofar Ƙaura:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Amsar tana cikin yadda fitilar take kamawa. Idan ta kama kai tsaye ta tsaya, iska ce ta ragu a wata taya, yawanci da kusan kashi 25 cikin 100 na abin da aka ƙayyade. Idan kuwa ta yi ta ƙyaftawa na minti ɗaya ko ɗaya da rabi kafin ta tsaya, to motar tana sanar da kai cewa ta daina jin saƙon sensa, wato 'yar na'urar da ke auna iskar taya, kuma ko iskar duniya aka ɗura ba za ta mutu ba.

Tun daga watan Satumba na 2007 doka ta wajabta wa sababbin ƙananan motoci a Amurka wannan tsari na lura da iskar taya. A irin motarka, kowace taya tana da ƙaramar sensa a ciki, manne da gindin bawul, tana aika wa kwamfutar mota yawan iskar ta hanyar rediyo. Zatona shi ne naka suna can jikin tsofaffin rim, sababbin kuma bawul ɗin roba kawai aka sa musu. Motar takan yi ɗan haƙuri tana jiran saƙo kafin ta yi ƙorafi, shi ya sa sai da ka yi nisa fitilar ta kama. Ina tsofaffin rim ɗin? Ka neme su yau, kafin a sayar wa wani.

Direba, daga Daura:

Maganar malam mai gyara daidai ce, sai dai ni abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne iskar nan ta 45. Don Allah, ɗan'uwa, ka rage ta kafin ka sake hawa babban titi. Ka buɗe ƙofar direba, za ka ga takarda manne a jikin ginshiƙin, ita ce ke ɗauke da adadin da kamfani ya ƙayyade, kuma a ƙananan motoci yawanci tsakanin 30 da 35 ne. Lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, amma masu faci da yawa da ita suke aiki. Taya mai iska fiye da kima tsakiyarta ke fara cinyewa, kuma ba ta kama ƙasa sosai idan aka taka burki. Ka auna da safe kafin mota ta yi tafiya. A lokacin hunturu ma ni kaina fitilar takan kama mini da asuba saboda sanyi ya rage iskar, rana na ɗagawa ta mutu.

Sannan ba kowace mota ce ke da sensa a cikin taya ba. Honda Accord daga ƙirar 2013 tana lura ne da saurin juyawar tayoyi, don haka bayan sauya taya sake saiti kawai take buƙata.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na rage iskar, kuma na sami rim ɗin jingine a bayan rumfar mai facin. Sensa uku suna nan lafiya, ta huɗun kuwa ta tsage gida biyu, da alama ƙarfen cire taya ne ya same ta. Zan iya sayen kowace iri in sa?

Mai gyaran wutar mota:

A'a, Alhaji, ka lura da abu biyu. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka yawanci suna aiki da sensa mai lamba 315 MHz, na Turai kuma 433 MHz, kuma ɗaya ba ta jin ɗaya. Ka tafi da fasasshiyar wajen mai kayan gyara, lambar tana rubuce a jikinta. Na biyu, kowace sensa tana da lambar shaida ta kanta, kuma a Toyota sai an jona na'urar duba mota a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari an shigar da sabuwar lambar. Maɓallin saiti kaɗai ba ya yin wannan aikin. A rubuta lambar shaidar a takarda kafin a mayar da taya, in ba haka ba wataƙila sai an sake kwance ta.

Tunda motar ta 2015 ce, a gwada batirin sauran ukun, domin a rufe yake a cikin sensar, ba a sauya shi, kuma yakan yi shekara 5 zuwa 10 ne. A tabbatar kuma bakinsu ya zauna daidai a ramin sabon rim, a sa sabuwar robar toshe iska, kada a matse noti da ƙarfi. Ka tsaya a kansu lokacin ɗaurawar, ka nuna wa mai facin inda sensar take kafin ya sa ƙarfe.