Mochi ta Japanawa: kek ce, nakiya ce, ko sakwara?

Jama'a, salamu alaikum. Ina neman sunan Hausa ga abincin nan na Japan da ake kira mochi, kuma ina so mu tsayar da magana kafin "kek ɗin shinkafa" ya zauna daram a bakin masu fassara. Turawa ne suka laƙaba mata kek, mu kuma muka kwaso. Duk Bahaushen da ya ji kek, fulawa da ƙwai da sukari ne za su faɗo masa a rai, alhali ko ɗaya babu a cikinta.

Ga yadda ake yin ta, kowa ya auna da kansa. Akwai wata gajerar shinkafa mai danƙo da suke nomawa domin wannan aiki, daban da wadda suke ci kullum. A jiƙa ta ta kwana, a turara ta a madambaci, a juye ta da zafinta cikin turmin itace ko na dutse. Mutum ɗaya na kirɓawa da ƙatuwar gudumar katako, ɗaya na tsugune yana tsoma hannu a ruwa yana juya ta tsakanin bugu da bugu. Haka za a yi ta yi har ƙwayar ta ɓace, ta koma curi guda fari mai santsi, in ka ja ya biyo ka. Sai a barbaɗa gari, a gutsuttsura, a mulmula. Babu sukari, babu mai.

Kafin ku kawo suna, ku san nauyin abin a wurin masu shi, don kada mu ba ta sunan kayan ƙwalama. Noman shinkafa a cikin ruwa ya shiga Japan ta tsibirin Kyushu kusan shekara 3,000 da suka wuce, kuma tun daga nan shinkafa ta zama ma'aunin komai. A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, da ita manoma ke biyan haraji, da ita kuma ake auna girman mai mulki. Mudunsu babba shi ne koku, wajen lita 180, abin da suka ƙiyasta mutum zai ci a shekara. Sai ƙasarka na iya ba da koku 10,000 kafin a lissafa ka cikin manyan hakimai. Har yau kalmarsu ta dafaffiyar shinkafa, gohan, ita ce kuma kalmar abinci baki ɗaya.

A addininsu na gargajiya, Shinto, abin ya wuce ciki. Tatsuniyoyinsu da aka rubuta a ƙarni na 8 sun ce Amaterasu, abar bautarsu ta rana, ita ta bai wa jikanta Ninigi zangarniyar shinkafa ya sauko da ita duniya, kuma daga tsatsonsa gidan sarautar Japan ke ƙirga kansa. Shi ya sa Sarkin Japan ke dasa shinkafa da hannunsa a wata 'yar gona cikin fadarsa ta Tokiyo, al'adar da Sarki Hirohito ya soma a 1927. Duk 23 ga Nuwamba kuma sarki na miƙa sabuwar shinkafa ga abubuwan bautarsu, shi ma ya ci. Niiname-sai ake ce wa bikin. Bayani nake yi na abin da suka yi imani da shi, kada wani ya taso mini.

Mochi tana tsakiyar wannan. Labarin kafuwar wurin bautar Fushimi Inari da ke Kiyoto, wanda suke dangantawa da shekarar 711, a kanta ya ginu. Wai wani attajiri mai suna Irogu, na zuriyar Hata, shinkafa ta yi masa yawa har ya kafa mochi yana gwada harbin kibiya a kanta. Sai ta rikiɗe ta zama farin tsuntsu, ta tashi ta sauka a kan dutse, shinkafa ta tsiro a wurin. Inari shi ne abin bautarsu na shinkafa, kuma wuraren bautarsa a faɗin ƙasar sun kai wajen 30,000.

To bismillah, ina jin ku. Ga amsata ga sunayen da kuka kawo.

Ƙanena da ya ce alawar shinkafa: na san inda ka gano ta. Waɗannan masu launi-launi da ake cusa wa askirim ko wake mai zaƙi a ciki, su ne suka cika bidiyon intanet. Suna nan, amma 'ya'ya ne, uwar ba ta da zaƙi. Waina da sinasir kuma ƙullu ne da ya tashi aka soya a tanda, sun fita tun a zagayen farko.

Malam, tuwon shinkafa da ka kawo ya fi kusa, sai dai sunan yana da mai shi. Ranar da ka rubuta cewa Japanawa na jera tuwon shinkafa a ɗaki lokacin sabuwar shekara, mai karatu zai hango malmala da miyar taushe a gefe. Ga shi kuma tuwo tuƙa shi ake yi a tukunya da muciya, ba ya ganin turmi. Furar shinkafa ma haka: ta sha kirɓi, an mulmula, an barbaɗa mata gari, amma muna da ita tuntuni, kuma damawa ake yi a sha.

Hajiya, Allah ya ƙara girma, naki ne ya tsayar da ni. Kin ce nakiya, kuma hujjarki mai ƙarfi ce: da shinkafa ake yi, turmi ne ke haɗa ta, tana daɗewa ba ta lalace ba, sannan ba abincin kowace rana ba ce, ta gara ce da biki da suna. Ta fuskar matsayi, babu abin da ya kai ta kama da mochi. Su ma Japanawa haka suke riƙe da tasu. A ƙarshen Disamba dangi ko 'yan unguwa kan taru a yi kirɓi, ana guje wa ranar 29 saboda lafazin tara a harshensu ya yi kama da na wahala. A ɗora babbar mochi da ƙarama, duka masu faɗi da da'ira, a aza wani ɗan lemo a sama, a ajiye wa abin bautar sabuwar shekara. Sunan lemon daidai, ba wasa nake ba, kuma a wurinsu lafazin yana nufin zuriya bayan zuriya. Suna kiran jerin kagami mochi, wato ta madubi, domin siffarta ta tsohon madubin tagulla da suke girmamawa a wuraren bauta. Ran 11 ga Janairu, ta riga ta ƙandare, sai a farfasa ta da hannu ko guduma a ci. Ba a sa mata wuƙa. Akwai ma wuraren da in yaro ya cika shekara ɗaya ake goya masa mochi mai nauyin kusan kilo 2, da fatan kada ya rasa abinci a rayuwarsa.

Duk da haka, Hajiya, ban tafi da nakiya ba. Abin da ya sa nakiya ta zama nakiya shi ne zuma ko sukari, da man shanu, da citta da kanumfari da masoro. Cire su, me ya rage? Kuma garin shinkafa ake sarrafawa, ba ƙwaya turarriya ba. In muka ce nakiyar Japan, mun gaya wa mai karatu lokacin da ake cin ta, amma mun yaudari harshensa. Ranar da zai karanta cewa da safiyar 1 ga Janairu suna jefa ta cikin romo mai ganye da kaza ko kifi, zai ce wane ne ke sa nakiya a miya?

Wannan romon, zoni, shi ya kai ni ga shawarata: sakwarar shinkafa.

Ku duba aikin. A dafa abu, a zuba a turmi da zafinsa, a kirɓa ana shafa ruwa har ya yi danƙo ya haɗe, ba a ƙara masa ɗanɗano, a ci da miya. Sakwara ke nan, doya ce kawai aka musanya. 'Yan'uwanmu na zangon Kumasi da Accra ma sun san mai juyawa da hannu a ƙarƙashin taɓarya, haka ake kirɓa fufu. Sunan kuma ba shi da mai shi, ban taɓa jin wani abinci namu da ake kira sakwarar shinkafa ba. In akwai a garinku, ku faɗa yanzu.

Na ga ƙorafin cewa sakwara a ranar ake cinye ta, ita kuwa wannan busar da ita ake yi. Gaskiya ne. A yankin Tokiyo yanka ta ake yi murabba'i, a yankin Kiyoto a bar ta da'ira, ta bushe tauri, in an tashi ci a gasa ta kan garwashi ta kumbura ta yi laushi. Sifa ɗaya ta magance wannan: busasshiyar sakwarar shinkafa, gasasshiyar sakwarar shinkafa. Danƙonta ma ya ninka na doya, har hukumar kashe gobara ta Tokiyo na gargaɗi duk ƙarshen shekara a riƙa yanka wa tsofaffi ƙanana, domin akan samu waɗanda take shaƙewa har su mutu. Wanda ya san sakwara zai fahimci wannan labarin nan take. Da kek aka ce masa, sai ya yi ta mamaki.

Mai cewa a bar sunan asali kawai, ban ƙi ba, amma a rubuta shi da ƙa'idarmu: moci, tunda harafin c ya ɗauke wannan sautin. Mace ce, kamar shinkafa da sakwara. A farkon rubutu a ce "moci, wato sakwarar shinkafa", daga nan a ci gaba da wanda ya fi daɗin jimla. Taron ƙarshen shekara ya zama kirɓin moci, jerin sabuwar shekara moci ta madubi, irin da ake nomawa kuma shinkafa mai danƙo. Masu zaƙin nan na ƙanena, a ce musu alawar moci, kowa ya samu nasa.