Gara na cinye min zogale a tsakar gida

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina wani ƙauye kusa da Gumel, tsakar gidanmu yashi ne zalla, ruwa kuwa sai an ɗauko a jarka daga burtsatse. Da damina na dasa zogale 6 da darbejiya ɗaya don yara su samu inuwa. Na binne tsohon tulu a gindin kowanne, ina zuba ruwan wanke-wanke, na lulluɓe da karan gero. Darbejiya ta kama, amma tun shigowar hunturu zogale 4 sun bushe. Jiya na tona, sai ga gara a saiwa, raina ya ɓaci ƙwarai. Karan ne ya jawo ta? Toka za ta kore ta? Don Allah ku taimaka kafin bazara.