Neman shawara: launin hoto a fuskar kwamfutata daban, wanda ke fitowa a takarda daban

Mai tambaya, daga Kano:

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu sana'a. Ina ɗaukar hotunan biki, ina gyara su a laftof kafin in kai wurin wanki. A makon jiya na kai wa uwar wata amarya albam, ta buɗe shafin farko ta yi shiru, sannan ta ciro ɗankwalin ankon daga jaka ta shimfiɗa shi kusa da hoton. Leshin ruwan hoda ne, amma a takarda ya koma kamar ruwan goro, fuskokin ƙawayen amarya kuma duk sun yi duhu, alhali a kwamfutata komai ya fito tas. Mai wankin ya ce abin da na ba shi ne ya fitar. Shin akwai yadda ake saita allo ya daina yaudarar mutum, ko sai na sayi wani?

Wani dattijon mai hoto, daga Zariya:

Wa alaikumus salam, ƙanina. Alamun nan biyu sun riga sun nuna inda gizo yake saƙar. Yawancin allo yana zuwa daga kamfani da haske fiye da kima, farinsa kuma ya karkata zuwa shuɗi. Idan allo ya cika haske, hoto mai duhu zai yi maka kyau a ido, ka bar shi haka, ita kuwa takarda ba ta da fitila a bayanta, shi ya sa fuskoki suka dushe. Idan farin ya yi shuɗi, hannunka zai riƙa ƙara wa hoton ja da rawaya don ya daidaita, wannan ƙarin shi ne ya mayar da ruwan hoda ruwan goro.

Abin da ake nema guda uku ne: fari a kan kelbin 6500 (ma'aunin karkatar fari zuwa rawaya ko shuɗi), wanda ake kira D65, gamma (yadda allo ke tafiya daga duhu zuwa haske) a kan 2.2, haske kuma wajen kandela 120 (ma'aunin ƙarfin haske) a kan murabba'in mita, ko ƙasa da haka idan ɗakin aikinka ba shi da haske sosai. Laftof da aka ƙure wa haske yakan ninka wannan adadin. Ido ba ya iya auna waɗannan, sai da na'urar awon launi, irin Spyder ta kamfanin Datacolor ko ta Calibrite. Ana rataya ta a fuskar allo, manhaja ta riƙa nuna launuka ɗaya bayan ɗaya, na'urar tana karanta abin da allon ya fitar a zahiri, daga nan a rubuta fayil ɗin gyaran launi, wanda ake kira ICC, wanda kwamfuta za ta riƙa ɗorawa duk lokacin da aka kunna ta. Ka bar allon a kunne minti 30 kafin awo, ka kashe Night light (saitin da ke rage shuɗin allo da dare) da hasken da ke canza kansa, sannan ka maimaita duk wata. Tana da tsada, amma aikin minti kaɗan ne, don haka mutum huɗu za su iya haɗa kuɗi su yi karɓa-karɓa.

Wani mai gyaran kwamfuta:

Kafin kuɗi su samu, ka rubuta dccw a wurin bincike na Windows, manhajar saita launi za ta buɗe, ta bi da kai saitin gamma da daidaiton launi. Rage zafi ne kawai, domin ido yana sabawa da duk farin da ya daɗe yana kallo.

Wata mai tsara katin biki, daga Kaduna:

Yayanmu na Zariya ya yi gaskiya, sai dai ina da ja a wuri ɗaya: ba kowane allo ne ya cancanci a kashe masa kuɗin awo ba. Malam, ka buɗe hoto ka ɗan kwantar da murfin laftof ɗin baya. Idan fatar mutum ta canza launi, allonka nau'in TN ne, wato irin wanda launinsa ke canzawa idan an kalle shi a karkace. Laftof masu araha da yawa kusan kashi biyu cikin uku na launukan sRGB (tsarin launi na gama-gari a kwamfuta) kawai suke iya nunawa, kuma na'ura ba ta ƙara wa allo launin da ba shi da shi. Gara ka fara da allon tebur nau'in IPS, mai riƙe launi ko an kalle shi a karkace, wanda aka rubuta masa kashi 99 na sRGB. Ka kuma duba yadda kake fitar da hotunan, domin fayil ɗin Adobe RGB (wani tsarin launi da ya fi sRGB faɗi) idan ya shiga injin da ya ɗauke shi a matsayin sRGB, launinsa yakan koɗe.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, na gwada, ina kwantar da murfin farar shaddar ango ta koma ruwan toka. Hasken kuma a ƙure yake tun ranar da na sayi laftof ɗin. Na aro ɗankwalin daga wurin uwar amarya don in sake gyara.

Dattijon Zariya:

To, kada ka kwatanta shi da allo a ƙarƙashin ƙwan fitilar shago. Ka wanke ƙaramin hoto ɗaya tak, ka fita da shi da ɗankwalin inuwar bakin ƙofa da hantsi, ka haɗa su gefe da gefe. Idan sun yi daidai, sai ka ba da sauran albam ɗin.