Hitar dizal a motar kwana tana mutuwa da asuba

Assalamu alaikum. Mu biyu ne 'yan ritaya, muna zagaya ƙasar Sulobeniya ta Turai a motar da ake kwana a cikinta, daga Tafkin Bled zuwa Bohinj sannan Kogon Postojna. Oktoba ne, kuma sanyin gefen tafki da dare ba na wasa ba ne.

Hitar dizal ce mai 2kW. Idan mun jona da wutar 230V a wurin zango, tana aiki lafiya har gari ya waye. Amma in muka dogara da batirin ɗaki kaɗai (mai ba ɗakin kwana wuta, ba na injin mota ba; rufaffen batir nau'in AGM, 100Ah), wajen asuba takan tsaya, ta yi yunƙurin tashi, fanka ta juya, famfon mai ya ɗan yi ƙas-ƙas, sai ta mutu da alamar ƙarancin wuta.

Na canza fiyus, na goge kan batir, na kashe firij da dare. Babu canji. Solar 150W ɗin ma a wannan kaka kusan ado ce, rana ba ta daɗewa.

Na auna da mita lokacin da filogin kunnawa (mai yin zafi ya kunna dizal a hitar) ke jan kusan amp 10: 11.7V a kan batir, 10.5V a bakin hita. Wayar 2.5mm² ce, tsawonta mita 5. A lissafina bai kamata asarar wuta a wayar ta wuce 0.7V ba, ga shi ta kai 1.2V.

Don Allah, in fara da sa waya mai kauri 6mm² da sababbin haɗi, ko kuwa 11.7V ɗin nan na nufin batirin ne ya gaji? Na gode.