Garin firibayotik ga saniya mai tsohon ciki, da gaske yana ƙara nono?

MaiShanu_Giwa:
Salamu alaikum jama'a. Ina da saniya ruwa biyu, Firiziyan da Bunaji, saura kamar wata guda ta haihu. Wani mai shagon maganin dabbobi ya nuna min wani gari wai shi firibayotik, yace in dinga barbaɗa mata a dusa tun yanzu har bayan haihuwa wai nono zai ƙaru sosai, to kuɗin ba kaɗan bane shi yasa nace bari in tambaya tukuna. Yana aiki ko talla ce kawai? kuma shine furobayotik ɗin da ake faɗa ko daban ne?

LikitanDabbobi:
Wa alaikumus salam Alhaji. Daban ne. Furobayotik ƙwayoyin halitta ne masu rai da ake baiwa dabba, shi kuwa firibayotik abincin ƙwayoyin kirki ne waɗanda dama suna nan a cikinta. Yawancin na kasuwa daga ɓawon yis ake yinsa, in ka duba buhun zaka ga an rubuta MOS, akwai kuma inulin da ake tatsowa daga saiwar wata shuka mai suna cikori.

Lokacin da ya faɗa maka daidai ne, sati 3 kafin haihuwa zuwa sati 3 bayanta nan ne saniya tafi shan wuya, cinta na raguwa ga nono ya fara zuwa sai ta koma cin kitsen jikinta, garkuwar jiki tayi ƙasa, daga nan ciwon hantsa da maƙalewar mabiyiya suke samun ƙofa. To na yis ɗin nan yana ɗan taimakawa garkuwa, amma maganar nono gsky gwaje gwajen basu zo iri ɗaya ba, wasu an ga ƙari kaɗan wasu ba a ga komai ba. Babbar saniya tumbi gareta, irinsu inulin ƙwayoyin tumbi ke cinye su kafin su kai hanji. In abincinta bai isa ba wlh garin nan ba zai cike gurbin ba.

Baffa_Ruga:
Ɗana kuɗin nan ka zuba su a harawa da gurya da dusa mai kyau, ga ruwa kar ya yanke mata, saniyar tatsa akwai shan ruwa. Sai ka jiƙa mata kanwa. Mu haka muka taso muka gani kuma nono bai taɓa yanke mana ba.

LikitanDabbobi:
Baffa a gafarce ni, harawa da gurya kam na yarda, amma kanwa a dakata sai ta haihu. Ruwa biyun nan ba kamar Bunaji zalla bace, nononta yafi yawa, kanwa kafin haihuwa tana hana jikinta saurin jawo kalsiyam daga ƙashi, sai kaga ta haihu ta kwanta ta kasa tashi. Kuma ko guryar a hankali ake ƙarawa ba rana ɗaya ba.

Hajiya_MaiKindirmo:
Ni kam maruƙa nake baiwa garin firibayotik ɗin a cikin madara, su da tumbinsu bai gama aiki ba yafi yi musu amfani, na lura zawo ya ragu a wajena. Amma fa dakashi ne gaba da komai, ɗan maraƙi ya sha ya ƙoshi cikin awa 6 na farko. Alhaji in zaka saya ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, banda wanda ake aunawa a leda ba suna. Dusar ma ka shinshina, in tayi funfuna dafinta har cikin nonon yake fitowa.

MaiShanu_Giwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na koma shagon na duba, MOS ne kuwa a jiki. Likita in nace zan gwada ƙaramar leda, awon da ke jikin buhun zan bi ko sai an duba nauyinta?